Baƙin Ƙyallen Duba Sikirin

Duk yammacin da na sauka daga adaidaita a bakin layinmu a Hotoro, sai 'yammatan unguwa sun tsokane ni. Wai ga Anti Saude ta dawo daga kallon talabijin. A ganinsu aikina bai wuce in zauna a inuwa, in buɗe laftof, in danna maɓalli, in ce ta kama ba. Har akwai wadda ta ce ita ma tana gama sakandare can za ta nufa, tunda aiki ne da ba a zufa. To ku matso in gaya muku yadda yake, domin kwanan nan saura kaɗan in bar shi gaba ɗaya, kuma har yanzu idan na ji ƙaurin roba sai na ajiye abin da ke hannuna na waiwaya.

A wani sito nake aiki a Bompai, inda ake sauke kwamfutoci na hannu, waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje, da 'yan sababbi kaɗan a kwali. Da na gama sakandare aka kai ni wurin don in riƙa goge su kawai. Teburina yana jikin na Malam Isyaku, wani dattijo da ya daɗe yana gyaran talabijin mai ƙeya kafin zamani ya juyo da shi kan laftof. Shi ne mai duba sikirin, wato gilashin fuskar kwamfuta. Babu wadda take fita ƙofar siton sai ta bi ta hannunsa.

Ranar da na fara, ya ga na kama gefen hijabina mai duwatsu ina goge wata sikirin da shi, ina ta ƙoƙari a ga ina da himma. Bai ɗaga murya ba.

"Ke 'yar nan, da me kike wanke fuskarki? Da soson ƙarfe?"

Na ce, "A'a Baba."

"To ita ma fuska ce."

Ya miƙo mini wani ɗan tsumma mai laushi kamar kunnen jariri, ya ce kada in ƙara taɓa ta da komai sai shi. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika tafin hannu biyu ba: wannan tsumman, da filashi guda, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda ya zuba hotunan launuka a ciki, da wani baƙin ƙyalle mai kauri da yake ratayewa a bayan kujera. Ƙyallen nan shi ne aikin. Sitonmu ƙofarsa babba ce, ta shigar mota, rana tana shigowa har tsakar ɗaki, kuma a cikin hasken rana kowace sikirin kyakkyawa ce. Sai ka lulluɓe kanka da ita a cikin duhu sannan take faɗa maka gaskiyarta. Masu dako suna yi masa dariya wai mai hoton dauri ne. Shi kuma sai ya leƙo ya ce su gyara tsayuwa zai ɗauka.

Laftof ta farko da ya bar ni na shiga ƙyalle da ita wata 'yar siririya ce mai launin toka. Ya ce, "Akwai baƙo a ciki, nemo mini shi." Na cika fuskar da fari, ban ga komai ba. Na sa ja, na sa kore, na sa shuɗi, zufa tana gangaro mini ta ƙeya, injin wuta yana ruri a waje, manyan motoci suna wucewa teburin yana rawa. Da na sa baƙi sai ga shi can ƙasa ta hagu, ɗan ɗigo kore da bai kai kan allura ba, yana ta haske shi kaɗai. Na fito da gudu ina murna kamar na tsinci ɗan kunne. Ya ce, "Madalla. Saura ɗan'uwansa." Na koma na ƙara shan zafi har idona ya fara ruwa, na fito na ce ni dai ban ga wani ba. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Dama babu. So nake in ga ko za ki ƙirƙiro mini don ki huta."

Haka na koya. A fari ake ganin tabon rawaya da wurin da aka danne. A baƙi ake ganin yoyon haske, inda fitilar ciki take tsiyaya ta gefe kamar an bar ƙofa a buɗe. Sai ka kama murfin ka kai shi gaba ka dawo da shi baya a hankali. Idan hoton ya yi ƙifce ko ya ja layi, wayar da ta bi ta gaɓar murfin ta kusa tsinkewa. Sai ka karkatar da kai ka kalle ta ta gefe. Idan fuskar mutum a hoto ta koma kamar ta ƙone, an cire ta asali an maƙala mai araha, kuma galibi za ka ga sawun wuƙa a bakin firam ɗin idan ka bi shi da farce. Duk wannan kana yi kana tsugune, iska ba ta shiga, mai saye yana tsaye a kanka yana cewa yana sauri.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce wadda kayanmu suka daɗe a hanya damina ta same su. Da aka buɗe kwalaye komai lafiya lau, mun duba mun sallama. Ashe danshi ya shige tsakanin gilashin. Sai kwamfuta ta yi ɗumi a hannun mai ita sannan wasu tabbai suke fitowa kamar taswira. Mutane suka riƙa dawowa, wasu da sallama, wasu ba sallama. Mai siton ya canza wa wanda ya canza wa, kaya suka ƙare, aka sallami rabin ma'aikata, mu da muka rage muka yi watanni ana ba mu haƙuri. Daga wannan shekarar Malam ya ƙara doka: ba a duba sikirin da sanyi, sai an jona caja an bar ta ta ɗauki zafi. Shi kuma mai siton ya kafa tasa dokar: garantinmu ya ci inji, ya ci batir, ya ci kibod, amma bai ci sikirin ba. Da zarar ka fita ƙofa da ita, fuskarta ta zama taka.

Wannan ne abin da masu saye ba sa ji. Mutum ya ji an ce garanti sai ya saki jiki, ya ɗauka ko mota ce ta taka za a canza masa. Malam kullum yana zaunar da su ya ce su tambaya garantin na wane ne, na shago ko na kamfanin da ya ƙera, domin ta kwali ma wani lokacin garantinta na wata ƙasa ne, nan babu mai karɓarsa, kuma kamfani ba ya canza sikirin saboda ɗigo ɗaya. Ya juya laftof ɗin ya nuna musu 'yar sitikar da ke kan sukuru, ya ce duk wanda ya bari mai gyaran bakin titi ya yage ta, to ya yage garantinsa da hannunsa.

Akwai wani Alhaji mai kamfanin roba a Sharada da ya taɓa zuwa ransa a ɓace, sikirin ɗinsa ta tsage, baƙi yana malala a ciki kamar an zubar da tawada. Ya rantse bai yar da ita ba, bayan la'asar ya rufe ta lafiya, da safe ya buɗe ya ga haka. Malam ya ƙura wa tsagar ido. Ba ta miƙe ba, 'yan tabbai ne zagaye-zagaye a jere sun yi baka.

"Alhaji, kun yi lazimi jiya da la'asar?"

"Kullum ina yi. Me ya haɗa?"

"A taimaka mini da carbin in gani."

Ya zaro shi daga aljihu, mai manyan ƙwayoyi. Malam ya shimfiɗa shi a kan kibod, ya sauko da murfin a hankali, kowace ƙwaya ta zauna daidai kan tabonta. Alhaji ya fashe da dariya har yana riƙe tebur.

"Wato Malam garanti ba ya cin carbi?"

"Ko na Makka ne, ranka ya daɗe."

Har yau wurinmu yake sayayya, kuma duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga carbin daga ƙofa ya ce mana ga shi a hannu.

A bana idon Malam ya fara gajiya. Ya riƙa cewa in shiga in tabbatar masa, daga baya ya daina shiga gaba ɗaya. Ya je ya sami mai siton ya ce idan ya ajiye aiki ya koma gida bayan sallah, ni za a bar wa teburin. Mai siton ya yarda. Ranar da na ji, a adaidaita ma dariya nake yi ni kaɗai, har wata mata ta matsa gefe.

Ana cikin haka abin ya faru. Wata baƙar laftof ce mai kauri, na jona ta a caja ta ɗauki zafi kamar yadda aka saba, na shiga ƙyalle na sa fari. Sai na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge jan farce. Kafin in gama tunanin daga ina yake, na ji tsss a ƙarƙashin tafin hannuna, hayaƙi ya cika ƙyallen, wuta ta tsargo ta gefen kibod. Batirin ne ya kumbura a ciki ya fashe. Na nemi bakin ƙyallen na rasa, ya nannaɗe da hijabina, ina ja yana ƙara shaƙe ni. Malam ne ya fizge shi daga kaina, ya cire wayar daga bango, ya juye bokitin yashin kashe gobara a kan teburin. Gefen hijabina ya ƙone, hannuna ya tashi kaɗan, ƙyallen Malam kuwa da ya riƙe tun zamanin talabijin ya zama tsumma. Allah ya kiyaye, iyakar ɓarnar ke nan.

Hannu ya warke da wuri. Malam ya sayo sabon yadi baƙi a kasuwar Kwari ya rataye a bayan kujerata. Na dawo aiki, ina goge kaya, ina yi wa masu saye bayanin garanti, ina duba gaɓar murfi. Amma da na ɗauki yadin na kawo shi saitin kaina sai in kasa lulluɓawa, in ajiye. Na gwada leƙawa da tafin hannu a gefen ido, ban ga komai ba sai inuwar fuskata. Kaya suka taru a gefen tebur ba a sallame su ba. Mai siton mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Saude, ba laifinki ba ne. Amma teburin nan sai mai shiga ƙyalle. Idan ba za ki iya ba ki koma guga, in nemo wani kafin Malam ya tafi." Na ce to. Malam yana gefe yana jan carbi.

A cikin kwanakin ne wata mata ta yi sallama da hantsi. Dattijuwa ce doguwa, da baƙin hijabi har ƙasa, hannunta duk ya yi kanta. Ta ce sunanta Inna Tabawa, ɗinkin bakin buhu take yi a wani kamfani a Sharada, ta karɓi hutun rabin yini ne. 'Yarta ta samu makaranta, zanen gine-gine za ta karanta, an ce sai da laftof mai fuska mai kyau. Adashinta ta kwasa ta zo, yarinyar ma ba ta sani ba.

Mai kula da ciniki ya ɗauko mata wata mai sheƙi, ya kunna, hoton teku ya fito shar. Ya ce, "Inna ga ta nan, har da garanti."

Ta juyo wurina. "Ke 'yata, an ce ke ce mai dubawa. Idan ta lalace za ku canza?"

Na ce, "Inna, idan inji ne ko batir za a canza. Fuskar kuwa, kuna fita ƙofar nan ta zama taku."

"To ai fuskar na zo saya. Duba mini ita."

Na ɗora ta a tebur. Na fara yin abin da na koya wa kaina tun bayan gobarar: na rufe ta na ga murfin ya zauna daidai, na shafa wurin da ake jan yatsa na ji bai tasa ba kamar yadda yake yi idan batir ya kumbura, na kai hanci na shinshina. Na bar ta ta yi ɗumi, na zare cajar. Sannan na ɗauki yadin. Yana zuwa saitin goshina na kasa sauke shi. Na tsaya da shi a sama kamar mai shanya.

Inna Tabawa ta dubi hannuna, ta dubi tabon ƙunar, ta dubi Malam. Malam ya ce a hankali, "Wuta ce ta kama ta a ciki kwanaki."

Ta ce, "Ayya." Ta karɓe yadin daga hannuna ta jefa kan kujera. "Wannan tsumman ko ni ba zan shiga ba, warin shago yake yi. Malam, ku juya can, mu mata za mu yi magana."

Malam ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, mai ciniki ya koma bakin ƙofa. Ta ja benci ta zauna a jikina, ta ɗaga gaban hijabinta, ta yafa shi a kan laftof ɗin, ta sa hannu ta jawo kaina ciki kamar yadda ake yi wa yaro idan ruwa ya tsuge a hanya. Ban samu damar cewa a'a ba.

Duhu ne, amma ba irin wancan ba. Ƙamshin turaren wuta da na man gyaɗa nake ji, kafaɗarta tana jikin tawa, tana riƙe da wuyan hannuna gam.

Ta ce, "To ga mu a ɗaki. Nuna mini abin da kuke gani da har ake biyanku albashi."

Na sa fari. Ta ce, "Tas." Na sa ja, ta ce, "Wannan ai atamfar bikin ƙanwata ce." Na ji dariya tana neman kuɓuce mini. Na sa kore, na sa shuɗi, tana ta ba kowanne suna. Da na sa baƙi sai idona ya koma aiki da kansa, ya bi gefe-gefe kamar yadda ya saba. Can sama ta dama haske yana tsiyaya, fari-fari, faɗin yatsa biyu. Na kama murfin na kai shi baya, sai wani siririn layi ya gifta ya ɓace.

Na ce, "Inna, kun ga can?"

"Na gani. Kamar an ɗaga labule."

"Yanzu kaɗan ne. Idan ta yi wata ana buɗewa ana rufewa zai ƙaru, kuma mai zane ba za ta ga launi daidai ba a wurin."

"To a mayar musu da tekunsu. Kawo wata."

Muka fito muna zufa. Mai ciniki ya kawo ta biyu, wata mai tabon karce a bayan murfi, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Na shafa, na shinshina, na zare caja. Inna ta ɗaga hijabi, wannan karon ni na shigar da kaina. Fari tas, baƙi wuluk babu ɗigo babu yoyo, ta gefe ma hoton bai canza ba. Na bi bakin firam da farce, babu wanda ya taɓa buɗe ta. Na ce wannan ce. Na nuna mata sitikar garanti na ce kada a bar kowa ya yage, kuma kada a rufe ta da biro ko carbi a ciki.

Ta ce, "Carbi kuma? Wa zai yi wannan?"

Malam daga bango ya ce, "Manya ne, Hajiya. In juyo?"

Da za ta tafi ta naɗe laftof ɗin a zani ta goya a baya, wai adaidaita ba ta da amana. Tana fita na ɗauki yadin Kwari na shiga da ta farko a cikin kayan da suka taru. Na gama da ita na jawo ta gaba, na ci gaba da dubawa. Kafin a tashi na rage tulin sosai. Mai siton ya zo wucewa ya ga ƙafafuna kawai a ƙarƙashin tebur, ya tambayi Malam wace ce. Malam ya ce, "Mai teburin ce."

Ranar Juma'ar da ta biyo, sai ga Inna Tabawa da ƙunshi a leda. Ta ce yarinyar ta ga laftof ta yi ta tsalle har ta kusa taka ta. Ta kwance ƙunshin: baƙin yadi ne ninki biyu, ta ɗinke shi da irin ɗinkin bakin buhu wanda ba ya warwarewa, ta bar tsaga a baya don iska, ta sa masa 'yar igiya a sama wadda ja ɗaya za ka yi ya zame daga kanka. Na buɗe shi na ga faɗinsa ya yi yawa.

Na ce, "Inna, ai wannan ya yi mini girma."

Ta ce, "Na mutum biyu ne. Wa ya ce dole sai ke kaɗai?"

Da shi nake aiki yanzu. Duk macen da ta zo saye ina shigar da ita ta gani da idonta kafin ta biya, maza kuwa na ba su aronsa su shiga su kaɗai ina gaya musu inda za su kalla. Malam ya koma gida bayan sallah, amma yana leƙowa ya sha shayi ya ce in nemo masa baƙo. Ban daina shinshina kowace laftof ba, kuma bokitin yashi yana nan kusa da ƙafata inda zan iya taɓa shi.

Saboda haka wadda take ganin kallon talabijin nake yi, ta shirya ranar Asabar mu tafi tare. Ta zo da hijabin da ba ta jin tausayinsa, don za ta yi zufa. Akwai wurin kai ɗaya a gefena.